Kun Bar Makaho Ya Hau Bas, Kun Hana Mai Jan Hannunsa

Zuwa ga Daraktan Walwalar Ma'aikata na ma'aikatarmu, Garki, Abuja.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto a bainar jama'a ne domin takardu biyu na aiko ofishinka, ko kanzil ba a ce mini ba.

Sunana Isiyaku, ni ne mai amsa waya a teburin karɓar baƙi. Shekara huɗu ke nan hawan jinin ido ya tafi da ganina. Tun daga nan matata Asabe ke riƙe hannuna daga Masaka, mu hau bas ɗin ma'aikata, ta kai ni ƙofar ofis, sannan ta wuce shagonta na ɗinki. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa makara ba.

Na farko, watan jiya kuka kafa doka cewa ba mai hawa bas ɗin sai mai katin aiki a wuya. Ranar Litinin ɗin da dokar ta fara aiki, kwandasta ya tare ƙofa, ya ce in shiga, ita Asabe ta nemi motar haya. Madam Rifkatu, abokiyar aikinmu, ta ce za ta tsaya Asabe ta zauna. Ya ce shi ba ruwansa, oga ya hana.

Na biyu, na hau ni kaɗai. Aka sauke ni a Area 1, kowa na sauri, na zurma cikin lambatu. Gwiwata ta fashe. Har yau a zaune nake sallah.

Na uku, yanzu motar haya muke bi, cunkoson Mararraba ya cinye mana safiya. Takardar tuhuma biyu aka ba ni kan makara, an ce ta uku dakatarwa ce, ni da saura shekara biyu in yi ritaya. Haba, ranka ya daɗe! Ku hana ni mota, ku kuma tambaye ni me ya makarar da ni? Wallahi raina ya ɓaci, kuma ba na jin kunyar faɗa. Da kuka zauna rubuta dokar nan, ba wanda ya tuna akwai makaho a ginin?

Roƙona, a ba Asabe katin 'yar rakiya, a janye takardun tuhumar nan biyu tun ta ukun ba ta zo ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya bar maka idanunka har tsufa. Kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya bakin titi kana roƙon wanda zai tsallakar da kai.

Wassalam.

Isiyaku, Masaka.