Hoton da Kika Rufe Fuska

Nassarawa, Kano
Litinin, 12 ga Satumba, 1960

Zuwa ga Dije, sanyin idona, ruwan randata a tsakar rana, wadda sunanta ya fi zuma daɗi a bakina, wadda kuma shirunta yake neman haukata ni!

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Baba da Inna, ina sanar da ke cewa yau raina a ɓace yake, kuma da hannunki a ciki. Ina rubuta miki wannan takarda ne a kan teburin aji, an tashi tara, hannuna fari fat da alli, yara arba'in da uku suna ta ihu a waje kamar an saki awaki a gonar wake. In kin ga rubutun ya karkace, fushi ne ya karkatar da shi.

Sau uku ke nan ina tambayarki, Dije: in ajiye koyarwa in kama sana'ar hoto, ko in zauna? Sau uku kina sunkuyar da kai, kina wasa da gefen mayafi, kina ce mini duk abin da na ga ya dace. Haba, hasken raina! Da na san abin da ya dace, ai da ban tambaye ki ba. Wannan kunyar taki ita ce ta fara sace zuciyata, ga shi yanzu ita ce take shirin tsufar da ni tun ban kai talatin ba.

Shekara bakwai ina riƙe da alli. Ina son yaran nan, Allah ya sani, amma na gaji. Na gaji da koya musu sunayen kogunan Ingila alhali rabinsu ba su taɓa ganin Challawa ba. Makon jiya sufeton makarantu ya zo, bai dubi fuskar yaro ko ɗaya ba, rajista ya buɗe ya ce jan layina bai miƙe ba. A gaban yara ya faɗa, ni kuwa na tsaya ƙiƙam, hannu a baya, ina cewa na gode. Wannan mutumin kike so ki aura, mai yin godiya in an ci masa fuska?

Amma ki gan ni ranar Asabar, in na rataye bargo a taga, ɗaki ya yi duhu, na tsoma farar takarda cikin tasar magani ina jira! Tun ranar da likita, Baturen da Baba yake wa girki, ya bar mini tsohuwar kyamararsa ya nuna mini yadda ake wanke hoto, ban sake zama daidai ba. Sai ki ga fuskar mutum tana fitowa a hankali daga inda babu komai, ido da farko, sannan hanci, sannan zanen kumatu. Kuku-kuku da direbobi da masu ban ruwan furanni na unguwar nan duk sun san ƙofata, kowa yana son hotonsa kafin Turawa su tattara su tafi. Garba mai gadin gidan alƙali, da na miƙa masa nasa, zama ya yi a ƙasa ya daɗe yana kallo, ya ce Gumel zai aika wa tsohuwarsa, shekararta huɗu ba ta sa shi a ido ba. A shekara bakwai na aji ban taɓa ba wani abin da ya zaunar da shi haka ba.

Yanzu ga lokaci ya ƙure mini. Alhaji Ɗahiru ya ba ni shago a Kaura Goje, mai taga tana kallon gabas, haske kamar an auna shi, ya ce in ban karɓa ba zuwa mako mai zuwa zai ba tela. Hedimasta, Malam Fabian, mutumin kirki ne, ya ce in tafiya zan yi in kawo masa takardar ajiye aiki ranar Litinin mai zuwa don ya nemi wani malami. Ga ɗaya ga Oktoba tana matsowa, ranar da za a ba mu mulkin kanmu, kowa a Kano ya kai ɗinki, kowa zai so a ɗauke shi cikin sabuwar riga. Ni kuwa in tsaya ina rera wa yara biyu sau biyu?

Na san abin da ke ɗaure miki harshe. Baba ya gaya wa kawuna cewa malamin makaranta ya yi wa alkawarin 'yarsa, mai aikin hukuma da fansho, ba mai yawon gidajen biki da akwati a wuya kamar maroƙi ba. Ina girmama Baba, ba zan ɗaga masa murya ba har abada. Amma Dije, don Allah, wa ya zauna mini sau uku a ƙofar kicin da farar rigarsa ta aiki? Na farko ya ce hular ta karkace. Na biyu ya ce na mayar da shi tsoho. Na uku ne ya yi masa, ya sa aka yi masa gilashi, ya rataye a ɗaki sama da gadonsa, duk baƙon da ya zo daga Kazaure sai an kai shi ya gani kafin a ba shi ruwa. Hoton abin alfahari ne, mai ɗaukarsa kuma ba shi da sana'a! Wannan magana tana ci mini rai ƙwarai.

Duk da haka Baba ba ya tsallake maganarki, kowa a gidan ya sani. Da za ki ce masa kin yarda, zai yi mita kwana biyu ya haƙura. Ke ce kika ƙi cewa komai.

Kin tuna ranar babbar Sallah, ƙarƙashin mangwaron bayan gidan likita? An yi yayyafi da safe, ƙasa tana ƙamshi, kin sha lalle har wuyan hannu. Na roƙe ki, na lallaɓa, har kika yarda kika tsaya in ɗauke ki hoto. Ina dannawa kika ja mayafi kika rufe fuska. Kwana biyu ban yi miki magana ba, kin tuna? Na ɗauki mutum ya fi ɗari a garin nan, amma wadda nake so ba ni da komai nata sai yatsu huɗu da gefen mayafi.

Jiya na fito da hoton, na sa gilashin ƙara girma ina dubawa, ina huci. Sai na ga abin da ban lura da shi ba wata uku. Tsakanin yatsunki da mayafin akwai ido ɗaya a buɗe, yana kallona kai tsaye, kuma dariya yake yi. Ashe ba ɓuya kika yi ba, tsokanata kike yi! Na sa hoton cikin wannan ambulan, ki duba da kanki, kada ki yi mini musu.

To, tauraruwata, na daina matsa wa bakinki, tunda na gane da ido kike magana. Ranar Juma'a bayan la'asar zan zo ƙarƙashin mangwaron nan. Fim ɗin da ke cikin kyamarata saura ɗauka ɗaya, na hana kowa, har Baba da ya so na huɗu. Ki tsaya inda kika tsaya ran nan. In kika bar fuskarki a buɗe, na san kin yarda, kuma za ki tsaya mini a gaban Baba. Ranar Litinin Malam Fabian zai karɓi takardarsa, hotonki kuma shi zan fara ratayewa a shagon. In kika ja mayafi, ba zan yi fushi ba a wannan karon. Zan naɗe kyamarar a tsumma in sa a ƙasan akwati, in koma wa allina da jan layin sufeto, in aure ki, ba kuwa za ki taɓa jin na yi miki gori ba.

Zan iya rayuwa ba kyamara, Dije, ko da zai yi mini ciwo. Rayuwa babu ke ce ba zan iya ba. Amma ina roƙonki da girman Allah, ki bar hannun nan mai lalle a ƙasa.

Naki, ko da alli ko da kyamara, har ranar da za a rufe tawa fuskar,

Zubairu