Haƙarƙarin da Na Mayar Wuta

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganin fuskarki, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Na ji labarin ciwon gwiwar da ya matsa miki, kuma tun ranar ban daina sa ki a addu'a ba. Allah Ya sa kaffara ne, Ya kawo sauƙi. Ki daure ki riƙa yin sallarki a zaune kamar yadda likita ya ce, kada ki biye wa taurin kan da muka gada. Ni nan lafiya lau, sai godiya. Yayanmu ya warware daga aikin idon da aka yi masa, har ya koma faɗa da kowa, wanda shi ne alamar lafiyarsa. 'Yarki kuwa, wannan ɗaya tilo da Allah Ya ba ni, tana lafiya ita da mijinta. A kanta nake son mu yi magana. Na zaɓi rubutu maimakon waya domin a waya kina sa ni dariya kafin in kai ƙarshen zance, ni kuwa wannan zance ina so in kai ƙarshensa.

Kin san ba ta yi nisa ba, gari ɗaya muke, kuma ba zan yi mata ƙarya in ce ba ta zuwa ba. Tana zuwa. Sai dai zuwa ne na tsaye. Takan taso daga asibitin da take aiki a gajiye, mijinta na jiranta a ƙasa mota a kunne, ta shigo da takalmi a ƙafa da jaka a kafaɗa, ta duba magungunana, ta buɗe firji ta yi mini faɗa a kan babu komai a ciki, sannan idan na ce ga abinci sai ta ce in zuba musu a roba su tafi da shi. Tun rasuwar mahaifinta babu wanda ya zauna a teburin falo. Ni kaina a kicin nake ci, a kan ɗan tire, ina kallon bangon gidan da ke fuskantarmu. Robobina sun ƙare a gidanta. Ban taɓa ce mata ta zauna ba, domin ni ce na tarbiyyantar da ita a kan cewa aiki amana ne, zaman hira kuma ɓata lokaci ne. Ta koyi karatun da kyau.

Wata rana tana tsaye a bakin ƙofa tana gyara mayafi, sai ta ba ni labari cikin dariya cewa mijinta ya ci gasasshen haƙarƙarin sa a wata liyafar wurin aikinsu, kuma tun ranar ya ishe ta da zancensa. Wai dunƙule guda ake gasa shi da ƙashinsa, a kawo shi gaban mutane, a yanka yana tururi. Bayan ta tafi maganar ta tsaya mini a rai. Abin da na kama a ciki shi ne, irin wannan nama ba a cin sa a tsaye, kuma ba a ce a zuba shi a roba tun ba a yanka ba. Dole a ja kujera. Na daɗe ina kokawa da zuciyata, domin kin san ra'ayina a kan almubazzaranci, kuma mace mai cin abin da bai cika tafin hannu ba, me ya haɗa ta da rabin ƙirjin sa? Daga ƙarshe na ce wa kaina ciyar da iyali sadaka ne, na kira ta na ce su zo ranar Asabar cin rana. Ta ce za su zo, amma suna da inda za su bayan la'asar.

Na je wurin mahaucin da muka daɗe muna saye a gunsa, wanda marigayi ya yarda da yankansa. Da na faɗi abin da nake so, sai ya ajiye wuƙa ya dube ni, ya tambaya ko rundunar soja ce za ta sauka a gidana, ko kuwa wani ne ya fito neman aure ba a sanar da shi ba. Ya ce shekara da shekaru naman da nake saya ko kyanwa ta gani sai ta tausaya mini. Na haɗe rai na ce masa surukina ne zai zo, sai ya ce ai shi ke nan, suruki ya fi soja. Ya fito da ɓangare guda daga ɗakin sanyi, ya sara mini mai ƙashi uku, jajir, da zaren kitse a cikinsa da farin kitse mai kauri a bayansa. Na ce ya ƙwalƙwale kitsen, ya ƙi. Ya ce wannan kitse shi ne bargon naman, idan na cire shi in kuka da kaina. Ya ɗaure shi da zare, ya ce in shafe shi da gishiri tun ana gobe, in fito da shi daga firji da wuri ya huce sanyi, in fara da wuta mai ƙarfi sannan in rage ta sosai, kuma idan na sauke in bar shi ya huta kafin wuƙa ta taɓa shi. Har na kai ƙofa ya ƙara da cewa, Hajiya, tsakiyarsa za ta fito ja, haka ake so, kada in tsorata. Na ce na ji. Na ɗauko shi a rungume kamar jariri, ina jin kunyar duk wanda ya dube ni a hanya.

Duk abin da ya ce na yi. Na daka tafarnuwa da masoro na cuɗe shi da su, na kwantar da shi a kan ƙashinsa cikin babban tire, kitsen yana sama, na jera dankali a gefe. Oben ɗin nan da marigayi ya saya, wanda na mayar ma'ajiyar tukwane, ranar ya san an saye shi. Ina zaune a kan kujera 'yar tsugunno ina leƙen naman ta gilashi, ina jin kitsen yana tsartsatsi, bayansa yana komawa ruwan ƙasa a hankali. Ƙamshi ya cika bene har maƙwabciyata mai ɗinki ta ƙwanƙwasa ƙofa da tef a wuya, ta ce ta zo ta tabbatar ko gidan ne aka sayar wa wasu, domin ita a saninta daga ɗakina ƙamshin ruwan zafi kaɗai ke fita. Na yi dariya, 'yar'uwa, ni kaɗai a bakin ƙofa bayan ta tafi. Na goge tebur, na fito da farantan da kika ba ni, na sauke naman bayan azahar na lulluɓe shi ya huta.

'Yarki da mijinta suka zo, ya kashe motar, suka hau tare. Ta cire takalmi. Ta ajiye jaka a kan kujera, ta zame mayafinta, ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce wash. Ban san zan iya jin daɗin kalma ɗaya haka ba. Shi kuma ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya shaƙi iska ya ce yau ya san an ɗauke shi ɗa a gidan nan. Ta ce masa ya yi a hankali kada yawunsa ya ɓata wa Umma shimfiɗar tebur. Na kawo naman a kan katako na ajiye a tsakiya, na miƙa masa wuƙa.

Ya yanka. Yankan farko ya faɗi gefe, na ga cikinsa ja, jan ruwa yana gangarowa a kan katakon yana neman bakin tebur. Ya ce masha Allah, ko a wurin liyafar bai fito haka ba. Ni kuwa ban ga komai ba sai jini. Hannuna ya riga tunanina, na ɗauke katakon. Ya ce da ladabi cewa ba jini ba ne, ruwan naman ne, kuma haka ake cin sa. Ita ta ce, Umma, don Allah in bari, ya yi. Na ce ba za a ci jini a teburina ba, kuma na faɗe shi da muryar da kin sani, wadda ba a mayar mata da magana. Na mayar da shi oben na ƙara wuta.

Sai zama ya koma jira. Suka ci dankali. Ya yi ƙoƙarin ba ni labarin wurin aikinsu, ina amsawa rabin hankalina yana kicin. Na fito da naman na tsaga kusa da ƙashi, na ga sauran ja, na sake mayarwa. Da na dawo falo na tarar ta mayar da mayafinta, wayarta a hannu. Aka kira la'asar, muka yi salla, suka ce lokaci ya yi. Ta ce a hankali, ba tare da ta dube ni ba, in yanko musu ko gefe-gefen ne in zuba a wani abu. Robobi sun ƙare, sai na zuba a kwanon da nake cin abinci. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce ni dai komai sai na wahalar da kaina, ai sun riga sun zauna. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Na koma na kashe oben. Abin da ya rage ya ƙanƙance ya yi baƙi-baƙi, ƙashin ya fito tsirara. Na raba wa maƙwabta, mai ɗinki ta karɓa ta yi godiya, ba ta yi mini ba'a ba, wanda ya nuna mini ta ji saukarsu daga bene da wuri.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Na san hukuncin, 'yar'uwa. Tare muka zauna gaban malami ɗaya, na san abin da ya rage a jikin nama bayan an yi yanka na halal babu laifi a cikinsa. Mahaucin ma ya gargaɗe ni. To me ya ɗaga hannuna? Na so in ce tsoron Allah ne, amma da na bincika sai na tarar da wasu baƙi a ɗakin zuciyata. Akwai waswasi, wanda na daɗe ina yi wa ado ina kiransa tsantseni. Akwai girman kai, cewa yaron da aka haifa a gabana ba zai koya mini halal a kicin ɗina ba. Akwai kuma wani abu da ya fi ba ni tsoro: ina jin daɗin ya yi mini yawa ne. Na gan su zaune, na ji farin cikin da ban saba ba, sai zuciyata ta tashi neman laifin da ke ciki, domin ta saba cewa duk abin da ya yi daɗi akwai abin tuba a ƙarƙashinsa. Ban san wanne ne ya fi ƙarfi ba. Allah Ya sani, kuma Shi nake roƙo Ya nuna mini.

Shekaranjiya na koma wurin mahaucin na ce ya ba ni mai ƙashi ɗaya. Ya buɗe baki zai yi wasa, ya dubi fuskata ya fasa. Na gasa shi yadda ya ce, na sauke a lokacin da ya ce, na bar shi ya huta. Na kai shi teburin falo, na zauna, na yanka. Ya fito ja. Na daɗe ina kallonsa, sannan na yi bisimilla na ci, ido a buɗe. Yana da taushi ƙwarai, kuma yana da daɗi, ba zan ɓoye ni'imar Allah ba. Na cinye yanka guda har ƙarshe, ba kowa a ɗakin sai ƙarar firji.

Yanzu ga roƙona. Na san tana kiranki duk mako, kuma tana gaya miki abin da ba ta gaya mini. Na ɗaga waya ya fi a ƙirga in ce su dawo, sai in ji kaina ina tambayarta ko tana azkar ɗin safe. Ba na so ki ce na yi ƙorafi, kuma ba na so ki ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiya domin ki gyara ni a idonta. Ki ce mata kawai uwarta ta sake gasawa, ya fito ja, kuma ta ci. Idan ta yi dariya, ki rubuto ki gaya mini irin dariyar. Idan ta yi shiru, shi ma ki gaya mini, zan iya ɗauka.

Ki gaishe mini da maigidanki, Allah Ya ƙara masa haƙuri da mu. Ki gaida babban ɗanki da amaryarsa, da ƙanwarsa malamar makaranta, da Auta, ki ce masa na ji labarin jarrabawa, Allah Ya sa albarka. Ki gaida surukarki tsohuwa, ki roƙar mini addu'arta. Yayanmu yana gaishe ki, ya ce kin yi shiru da yawa. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba.

Wassalam.

Taki har kullum,
Yayarki