Rijiyoyi Uku da Ba Su Yi Ruwa Ba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya.

A Taura kowa ya san hannunka a haƙar rijiya. In ka ce a sa dagi a nan, gaba shida an ga ruwa. Da muka koma ƙauyen nan na gindin duwatsun Dutse, mutanen unguwa suka ce ka yi musu rijiya. Ta farko ka ci karo da dutse. Ta biyu ma haka. A ta uku dagin ya karye, tafin hannunka ya tsage, kana ta cewa, "Ruwa na nan, ban taɓa kuskure ba."

Aka laƙaba maka suna Baba Rami. Wasu suka ce asirinka ne ya karye. Ka daina zama a majalisa.

Yanzu ilimin ƙasa nake koyarwa, Baba. Ashe ɓawon duniyar nan a tsattsage yake, manyan ɓangarori ne masu matsawa a hankali kamar tsiron farce. Tun kafin a halicci ɗan Adam suka yi karo, dutse ya narke, ya taso ya daskare a nan. Daga baya ƙasar da ke arewa da mu ta lotsa, yashi ya cika ta, ruwa ya kwanta a ciki. Taura a kan yashin take, mu kuma muna kan dutsen.

Bara aka kawo motar haƙa burtsatse. Kwana huɗu tana ruri kusa da ramukanka, masu motar suka kwashe kayansu ba ɗigon ruwa. Ba wanda ya yi musu dariya. Cewa aka yi wurin ne ba kyau, har fura aka dama musu.

A ciwonka na ajali ka tambaye ni, "Hajara, bokon naku bai ce komai a kan ƙasar nan ba?" Ina aji biyu lokacin, kuma kunyar sunan nan na Baba Rami nake ji. Na ce, "Tsufa ne kawai, Baba." Ka gyaɗa kai ka juya fuska bango. Da amsata ka tafi kabari, kuma ba gaskiya ba ce.

Ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya shayar da kai ruwan Alkausara.

'Yarka,
Hajara