Kwanon Gidan Kamble

Litinin, 6 ga Janairu, 2003
Na shiga atisayen safe na ƙungiyar unguwarmu. Gajeren wandon kakin ya yi mini yawa, ƙafafuna a ciki kamar sillen kara. Sandar da matasa ke juyawa, ni dogarawa nake yi. Amma akwai mutane, har ana ce mini Baba. Tun rasuwar matata Sulabha ba mai yi mini magana a gida sai mai kawo madara.

Laraba, 8 ga Janairu
Shugabanmu Gokhale ya yi jawabi: duk ɗan Hindu jini ɗaya ne, uwa ɗaya, babu na sama babu na ƙasa. Na fi kowa tafi. Sai ya ce ranar Lahadi kowa ya zo da kwanon abincinsa, a cakuɗa, kowa ya ci wanda ya faɗo masa. Wanda ya ƙi, kada ya sake zuwa. Da na sani na jira ya gama kafin in tafa.

Asabar, 11 ga Janairu
Ni Brahmin ne, zuriyar limaman Hindu da ke sama da kowa, ban taɓa cin girkin da ba na irinmu ba. Ko albasa ba ta shiga gidan babana. In na ƙi kuma, na koma hira da bango.

Lahadi, 12 ga Janairu
Kwanon Kamble mai gyaran takalma, ɗan zuriyar da ke can ƙasa, ya faɗo mini. Gurasar dawa da miyar yalo, tafarnuwa har tana hawa kai. Ya matso ya ce, "Baba, in ba za ka iya ba, turo ta ƙasa, ba mai gani." Na ce ya ji da nasa. Ashe nawa ne a hannunsa, shinkafa ba gishiri. Ya ɗanɗana ya ce, "Wannan abinci ne ko horo?" Na runtse ido na ci. Na suɗe kwanon, don kada a ce na raina.
Gokhale ya ɗaura wa kwanonsa jan zare, kuma abin mamaki, shi ya faɗo masa.

Litinin, 13 ga Janairu
Na yi wankan tsarki. Ciki lafiya lau, abin haushi.

Alhamis, 16 ga Janairu
Na kai wa Kamble takalmina na dama da tsakar rana. Ya jujjuya shi, ya rasa inda ya lalace, ya ce, "Gyaran nan zai ɗau lokaci, Baba, zauna." Matarsa ta aiko da kwano biyu.
Na hagun ma kamar yana matse ni. Gobe.