Hular da Ke Bisa Ƙusa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da yara.

Ban gane abin da ya same ni ba sai ranar da na koma shagonmu na ɗinkin labule. Na gama ɗaya, na ɗaga zan miƙa wa mijina Dogo ya rataya kamar kullum. Hannu ya ƙi tashi, kuma babu mai karɓa. Motar da ta ɗauke min miji ita ta farfasa min kafaɗa.

An yi min aikin tiyata a kafaɗar. Likita ya ce rabin gaɓar kawai ya canza, kan ƙashin. Gurbin da yake juyawa ciki nawa ne. Abin da ya sa ba ƙarfe ba ne, wani sabon abu ne baƙi mai santsi, wai dangin gawayi, ba ya saurin cin gurbin.

Ki gaishe da maigidan.
Ƙanwarki

Auta,

Amincin Allah ya tabbata gare ki. Gawayi a kafaɗa? To, ki yi nesa da murhu! Na yi dariya har na yi kuka.

Amma ki ji gaskiya. Wa zai sayi labulen da ba mai rataya masa? Ki rufe shagon ki dawo wurina, na share miki ɗaki. Taurin kai ba haƙuri ba ne.

Allah Ya jiƙan Dogo.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yafe min daɗewar shiru.

An ce in riƙa tafiyar gizo-gizo da yatsu a bango kowace safiya. Na zaɓi bangon da Dogo ya rataye hularsa a ƙusa, can sama inda shi kaɗai ke kaiwa. Da farko ko makunnin fitila ban kai ba. Ina hawa ina hawaye, ina ce masa, “Kai ma da tsawon tsiya.”

Jiya na rataya labulen wata malamar makaranta, tagogi uku, ni kaɗai a kan tsani. Ta ce, “Ina mai taya ki?” Na buga kafaɗa na ce, “Ga shi nan, gawayi.”

Ki ba yara ɗakin nan. Shago a buɗe yake.

Hannu ya kai ƙusar tun makon jiya. Hular dai ban sauke ba tukuna.

Ki huta lafiya.
Autarki