Wanda Ya Wanke Mika'ilu

Daga Atika, Tudun Wada, zuwa ga yayana Salmanu, tafinta a Lakwaja.

Gaisuwa mai yawa. Bayan haka, wani ɗan sanda ya tsaya a zaure ya ce maigidana Mika'ilu ya rasu a kurkukunku. Ko zama bai yi ba. Tun da Turawa suka tuɓe masa rawanin hakimci nake jin ƙarya iri-iri. Dangi sun ce in shiga takaba. In yi wa rayayye takaba? In kuma ya mutu, ga ni da kitso da lalle, ina ɗaukar alhaki. Na kasa zaune na kasa tsaye. Ka bincika. Allah ya kiyaye ka.

Daga Salmanu zuwa ga ƙanwata Atika.

Gaisuwa da ta'aziyya. Na tambayi Baturen da nake wa aiki. Ya ce a ƙasarsu ma, a zamanin da, an taɓa tuɓe wani sarkin Ingila, aka kulle shi har ya mutu, wasu suka ce da yunwa. Aka zaga da gawarsa fuska a buɗe, amma duk da haka mutane suka dinga cewa yana raye. Wai haka zuciya take. Ki yi haƙuri. Wassalam.

Yaya, gaisuwa.

Miji na tambaye ka, ka aiko mini da tatsuniya! Su dai an nuna musu fuska. Ni me aka nuna mini? Bature bai san wankan gawa ba. Ka nemo wanda ya wanke Mika'ilu, ka tambaye shi abin da ya gani a jikinsa. Kada ka ɗora masa magana a baki, na san halinka. Ka huta lafiya, ni ban huta ba.

Atika, gaisuwa.

Na same shi, wani tsohon fursuna Banufe. Ya ce mutumin ya rame ƙwarai, kuma a bayan kafaɗarsa ta hagu akwai tabon ƙuna mai faɗi. Ban san wannan tabo ba. Allah ya sa ba shi ba ne.

Yaya,

Ni na ƙona shi da fitila, shekarar da aka kawo ni. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Yau na tsefe kaina. Ka gode wa Banufen.

Atika