Karin Waƙar Baba

Mount Hope, Bronx
14 ga Maris, 1992

Yaya Yosiya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da Mama, da Filomina da yara. Ni ma lafiya, sai aikin asibiti.

Na ga saƙonka cewa ekklesiyarmu za ta sa waƙar marigayi Baba a sabon littafin waƙoƙi, da sunansa a kan kalmomi da kari duka. Don Allah ka dakata tukuna. Shekaranjiya na shiga shagon 'yan Dominika da ke ƙasan gidanmu sayen doya, sai na ji karin waƙar Baba a rediyo, da ganguna da ƙaho, cikin Sifaniyanci. Na tsaya rungume da doya har aka gama. Mai shagon ya ce tasu ce tun fil azal. Ko dai Baba ya yi suna a Santo Domingo, babban birninsu, ba mu sani ba, ko akwai magana.

Ƙanwarka,
Hadassa

9 ga Afrilu

Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan ƙafar Mama ta yi sauƙi.

Wani mai kaset ya sayar mini da waƙar kala uku: ta rawa, ta kuka, da wadda wata 'yar Meziko ta yi kamar za ta shiɗe. Kowace ƙasa ta rantse tata ce. Sai jiya wata tsohuwa Ba'italiya da nake auna wa jini ta ji ina rera ta a hanci. Ta riƙe mini hannu ta ƙarasa ta da yarensu, ta ce duk sauran ɓarayi ne, a Italiya aka haife ta. Ka tuna Baba ya tuƙa wa Italiyawa masu aikin titi tifa?

Na nemi fassara. Wani ne matarsa ta tafi, yana roƙonta ta dawo, wai ko kofi ya kasa haɗawa. Da wannan karin Zumuntar Mata ke ɗaga hannu sama shekara goma sha huɗu. Na yi dariya, amma daga baya na daina. Ba na son a buga ƙarya da sunan Baba, ba na kuma son a ce ya yi sata. Na rubuta wa Mama.

Hadassa

2 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Amsar Mama ta zo, shafi huɗu, kuma ta fi mu sani.

Wata ukun da aka ce mana tana jinyar Kaka a Vom, ashe Kaka lafiyarta lau. Yaji Mama ta yi. Kowace Lahadi da yamma Baba yakan je ya tsaya bayan danga yana rera mata wannan karin, don ubangidansa Ba'italiya da ya koya masa shi ya gaya masa ma'anarsa. Bayan ta dawo, fasto ya ji yana rerawa a bakin majami'a ya tambaye shi. Kunya ta sa Baba ya ce waƙar yabo yake shiryawa. Fasto ya ce a koya wa mawaƙa ranar Asabar. Dole ya zauna ya rubuta wa karin kalmomin yabo.

Ga hukuncinta: a sa sunan Baba, Nataniyel, a kan kalmomi, gumi ya yi a kansu. Wurin kari kuwa a bar shi fari. Ta ce Italiyawa su yi haƙuri, ekklesiya ma aro take yi, ita Mama aka yi wa.

Allah ya kiyaye ku.

Ƙanwarka,
Hadassa